Bishiyar ok da mol: tunda matsayinsu ɗaya a Jan Kundi, halin da suke ciki ɗaya ne?

Zainab Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana ilimin halittu ku agaza min. An ba mu jinga mu kwatanta bishiyar ok ta Turai, Quercus robur, da wata 'yar dabba mai haƙa ƙasa da ake kira mol, Talpa europaea, ta fuskar rabe-raben halittu da kuma matsayinsu a Jan Kundin IUCN, wato jerin da ƙungiyar kare halittu ta duniya ke fitarwa kan haɗarin ƙarewar kowane nau'i. Na duba, duka biyun LC aka rubuta musu, wato mafi ƙarancin abin damuwa. To me ya rage a kwatanta? Wannan itace, wancan dabba, kuma babu wanda ke cikin haɗari.

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ai kin gama. Rubuta "duka lafiyarsu ƙalau" ki miƙa. Ni abin da ke ba ni mamaki, ga kuka ga gafiya a bayan gida, amma sai an tsallaka da yara Turai.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Zainab kar ki biye wa Sarki, sifili zai jawo miki. Fara da tsanin rabe-raben, nan ne mai sauƙi.

Ok: daular tsirrai, cikin masu fure, oda Fagales, iyali Fagaceae, jinsi Quercus, nau'i robur. Mol: daular dabbobi, masu ƙashin baya, ajin masu shayarwa, oda Eulipotyphla, iyali Talpidae, jinsi Talpa, nau'i europaea. Ba su haɗu ba sai can ƙololuwa, inda aka tara duk halittun da ƙwayoyin jikinsu ke da cibiya mai rufi. Kakansu na tarayya ya wuce shekara biliyan 1. Naman kaza ma ya fi kusa da mol a kan yadda ok yake kusa da shi.

Mutum ɗaya ne ya raɗa wa duka biyun suna, Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin. Ok a 1753 cikin littafinsa na tsirrai, mol a 1758 cikin bugu na 10 na littafinsa na tsarin halittu. Waɗannan shekarun biyu su ne mafarin lissafin sunaye har yau, ɗaya na masana tsirrai, ɗaya na masana dabbobi, kuma kowane ɓangare da littafin dokokinsa. Shi ya sa za ki ga iyalin tsirrai na ƙarewa da aceae, na dabbobi da idae.

Zainab Ɗaliba: Na gode Malam. Amma a littafin da ke hannuna Insectivora aka rubuta wa mol, ba wannan dogon sunan ba. Wanne zan ɗauka?

Malam Habu: Littafinki tsohon zubi ne. A da duk ƙaramar dabba mai tsinin baki da ke cin ƙwari, nan ake jefa ta. Da aka fara duba ƙwayoyin gado sai aka ga taron ba 'yan gida ɗaya ba ne, aka watsa shi. Waɗanda suka rage tare da mol a Eulipotyphla kin san biyu daga cikinsu: jaɓa da bushiya. Sarki, ga amsarka. Jaɓar da ke bin gindin bango da dare tana wari, ita ce 'yar'uwar mol a ƙasarmu. Gafiya da ɓera da beguwa odarsu daban, masu gaigaya ne.

Sarkin Gardama: Wato bushiya ta fi kusa da jaɓa a kan beguwa? Duk da ƙayar? Malam a yi hattara.

Malam Habu: Duk da ƙayar. Buɗe bakinsu ka duba haƙora. Beguwa na da manyan haƙoran gaba masu tsiro kullum irin na ɓera. Bushiya da jaɓa da mol ƙanana ne masu tsini, na tauna ƙwari da tana.

Maman Iman: Sallama jama'a, na shigo a makare. Ni a arewacin Ingila nake, kuma mol ɗin nan maƙwabcinmu ne, sai dai shekaru ana zaune tare ba ka ganin fuskarsa. Abin da za ka gani da safe shi ne tulin baƙar ƙasa mai laushi jere a kan ciyawa, kamar an tankaɗe ta. Filin ƙwallon yaran unguwarmu duk damina sai ya lalace. Wanda na taɓa gani da idona kyanwar maƙwabta ce ta kashe ta yar a bakin ƙofa, ko ci ba ta yi ba. Bai kai tsawon tafin hannuna ba. Gashinsa baƙi mai santsi, ka shafa gaba ya kwanta, ka shafa baya ya kwanta, shi ya sa yake iya ja da baya cikin rami. Hannuwan gaba faffaɗa, tafin na kallon waje, da manyan farata. Idon kuwa sai da na buɗa gashi na gan shi, ɗan ɗigo.

A nan ba a ɗauke shi abin tausayi ba ko kaɗan. Akwai masu sana'ar kama shi, manoma na biyansu su ɗana tarko. Har 2006 ma ana zuba masa guba mai suna sitirikinin kafin a hana.

Ɗan Jamus: Maman Iman, to ki zo nan ki gwada ɗana masa tarko ki ga ikon Allah. A Jamus doka ta ba shi kariya ta musamman. Ba a kashe shi, ba a kama shi. Iyakaci ka kore shi da wari ko ƙara. Tsohon da nake haya a gidansa kwalabe yake kafawa a lambu iska na busa su, wai ƙarar na damun mol. Tulin ƙasar dai bai ragu ba.

Zainab Ɗaliba: To ni yanzu na rikice. Dabba ɗaya, LC, a Ingila a kashe, a Jamus a kare?

Baba Mai Gandu: Assalamu alaikum. 'Yata, nan ne jingarki ta fara. Ni na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma wannan ruɗanin na sha ganinsa ko a wurin ma'aikata. Jan Kundi ba doka ba ne. IUCN ƙungiya ce da aka kafa a 1948, hedikwatarta a Gland ta ƙasar Suwizalan, ta fara kundin a 1964. Ba ta da ɗan sanda ba ta da kotu. Tambaya ɗaya take amsawa: mene ne yiwuwar wannan nau'in ya ƙare ƙaf daga doron ƙasa? Abin da kowace ƙasa za ta yi da nata, wannan majalisarta ce ke yankewa.

Mol ɗin Turai ya bazu daga Birtaniya har yammacin Saberiya, ban da tsibirin Ayalan inda babu shi sam. Ok ɗin kuma daga Ayalan ɗin har tsaunukan Kokesas da Ural. Abin da ya bazu haka, ko an share shi daga lardi guda, kundin ba zai motsa ba. LC ɗin ke nan. Bai ce dajin wani gari na lafiya ba.

Sarkin Gardama: Baba da girmanka, ai maganata ka maimaita da dogon zance. Ba za su ƙare ba, shi ke nan.

Baba Mai Gandu: A'a ɗana, ban maimaita ba. Saurari wannan. Ɗaya daga cikin manyan ma'aunan da kundin ke amfani da su shi ne raguwar yawa cikin shekara 10 ko zuriya 3, duk wanda ya fi tsawo. In raguwar ta kai kashi 30 cikin 100 ya shiga VU, mai rauni. Kashi 50 ya shiga EN, cikin haɗari. Kashi 80 ya shiga CR, bakin ƙarewa. Akwai wasu ma'aunan na faɗin mazauni da ƙarancin adadi, amma riƙe wannan tukuna.

Mol yakan yi shekara 3 a duniya, ya haihu tun yana ɗan shekara 1, 'ya'ya 3 ko 4 a ɗauka. Zuriyarsa 3 ba ta kai shekara 10 ba, don haka da shekara 10 ake auna shi. In annoba ta faɗa masa, cikin ɗan lokaci za a gani, kuma in ta wuce cikin ɗan lokaci zai murmure.

Ok fa? Yakan kai shekara 40 kafin ya fara zuba 'ya'ya sosai. Yana rayuwa ɗaruruwan shekaru. Akwai guda a dajin Sherwood na Ingila da ake ƙiyasta shekarunsa tsakanin 800 da 1000, an tokare rassansa da sanduna. Zuriya 3 ta irin wannan bishiya ta wuce rayuwar mai ƙirgar da ta ɗansa. Kuma ga abin da ya fi damuna a matsayina na mutumin daji: manyan da suka isa haihuwa ake ƙirgawa. Za ka shiga daji ka tarar da manyan bishiyoyi tsaye cif, ka rubuta lafiya, alhali ƙarƙashinsu babu tsiro ko ɗaya saboda dabbobi sun kiwace. Wannan dajin ya riga ya fara mutuwa, sai dai takarda ba za ta nuna ba sai bayan shekara 50 ko 100. To harafin ɗaya ne, LC, amma agogon da aka auna su da shi ba ɗaya ba ne.

Ɗan Maraɗi: Baba Allah shi ƙara girma, abin da kuka faɗa na gan shi da idona. Ina karatu a Rabat, kuma kusa da mu akwai dajin Mamora, na wani ɗan'uwan ok ɗin, Quercus suber, wanda ake ɓare ɓawonsa a yi marfin kwalba. Shi ma LC ne. In ka shiga za ka ga an feɗe gindin bishiyar daga ƙasa zuwa inda rassa suka fara, jikin ya yi ja kamar an shafa jar ƙasa, sama kuma ɓawon na nan toka-toka mai kauri. Ba ya kashe ta. Sai ta kai wajen shekara 25 ake fara ɓarewa, daga nan duk bayan shekara 9 ko fiye. Amma ƙasan dajin fa rairayi ne da sawun tumaki da shanu. 'Ya'yan na can masu zaƙi ne, mutane na tsincewa su sayar a bakin titi, ana ci kamar gyaɗa. Wanda mutum bai tsince ba tunkiya ta cinye. Ƙananan da za ka gani mafi yawa waɗanda aka dasa aka kewaye da waya ne.

Maman Iman: Ikon Allah. Namu na nan ɗaci gare su, sai kurege da tsuntsaye. Zainab in kina son abin da zai burge malaminki, a Birtaniya nau'i biyu ne na asali, robur da petraea. Na robur 'ya'yan na rataye a doguwar sanda, ganyen kuma kusan manne da reshe. Na petraea akasin haka. Yarana a makaranta aka koya musu.

Malam Habu: Haka ne, kuma su biyun suna barbarar juna, iska ce ke ɗaukar musu garin fure. Ruwa-biyun da ke fitowa har suna gare shi, Quercus rosacea. Wannan ma bambanci ne a rabe-rabe. A wurin ok iyakar nau'i da nau'i ba ta da kaifi, masana na ta jayayya ko wannan nau'i ne mai zaman kansa ko gauraye. A wurin mol matsalar ta juya: kamanninsu ɗaya sak a ido, sai gwajin ƙwayoyin gado ya nuna nau'i biyu ne. Mol ɗin kudu maso yammacin Faransa da arewacin Sifen an daɗe ana ce masa europaea, sai 'yan shekarun nan aka ware shi aka kira shi Talpa aquitania. A 2023 kuma aka bayyana wani sabo a tsaunukan Hakkari na Turkiyya. Duk lokacin da aka tsaga nau'i gida biyu, kowane ɓangare mazauninsa ya ragu, kuma sai an sake auna shi daga farko.

Sarkin Gardama: To na ji. Amma har yanzu ba wanda ya nuna min ok ko mol da ke cikin haɗari na gaske. Duk "da a ce" ne.

Malam Habu: Sauka mataki ɗaya daga nau'i zuwa danginsu ka gani. A 2020 lambun bishiyoyi na Morton da ke Amurka tare da abokan aikinsa sun fitar da rahoto kan nau'in ok 430. Kashi 31 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa. Mafi yawansu a Sin da Meziko da Biyetnam da Amurka. Meziko ce ma ta fi kowace ƙasa yawan nau'in ok, ba Turai ba. Akwai Quercus tardifolia da aka ɗauka ya ƙare, sai a 2022 aka tsinci guda ɗaya tak a gandun Big Bend na jihar Texas, wuta ta ƙona shi, ga ciwon fumfuna a jikinsa.

A iyalin mol kuma akwai biyu masu zama a ruwa da ake kira desman. Ɗaya a kogunan Rasha, Volga da Don da Ural, an yi ta kashe shi don fata, yanzu kuma komar masunta ke nutsar da shi. Ɗayan a rafukan tsaunukan Faransa da Sifen da Fotugal, madatsun ruwa da gurɓata sun takura shi. Duka biyun suna cikin rukunan haɗari.

Sarkin Gardama: Waɗannan dangi ne Malam. Ba a kama mutum da laifin ɗan'uwansa. Shi robur ɗin fa?

Baba Mai Gandu: Ɗana kana da shekara nawa? Ka tuna mahautar garinku lokacin kana yaro? Ungulu nawa ke kan rufi? Ita ma a da LC ce a kundin nan. A 2011 aka mayar da ita EN, a 2015 CR. Shekara 4 tsakani. Yau je ka mahauta ka ƙirga.

In kuma bishiya kake so, cikin iyalin ok ɗin kansa, Fagaceae, akwai Castanea dentata ta gabashin Amurka. Biliyoyi ne a daji. A 1904 aka ga wata cutar fumfuna a jikinta a birnin New York, wadda ta shigo da dashen da aka kawo daga Asiya. Cikin shekara 50 manyan sun kwanta kusan duka. Yanzu CR ce. Saiwar na nan da rai, takan tofo, ta ɗan tasa, cutar ta sake kashe ta kafin ta yi 'ya'ya. Ban ce haka zai sami robur ba. Amma a Ingila yanzu akwai ciwon da ke sa gindinsa zubar da baƙin ruwa, ƙwayoyin bakteriya ke kawo shi, yakan kashe babbar bishiya cikin 'yan shekaru. Maman Iman za ta ba da shaida.

Maman Iman: Na sha ganin baƙin tabon yana tsiyaya a jikin ɓawo, Baba. Ban san ciwo ba ne sai yanzu. Na ɗauka ƙaro ne irin na bishiyoyin gida.

Ɗan Jamus: Ni wani abu nake son a ƙara. Ko da su biyun LC ne, in aka rasa ɗaya asarar ba ɗaya ba ce. Na karanta binciken da ya ce a Birtaniya halittu kusan 2,300 ke amfana da ok, tsuntsaye da ƙwari da fumfuna da jemagu, sama da 300 daga ciki ba sa rayuwa sai a jikinsa. Kundin bai auna wannan ba.

Maman Iman: Kar ka raina mol fa. Yana juya ƙasa, ramukansa na shigar da iska da ruwa. Kuma yana da dabara: yakan ciji kan tana ta kasa motsi amma ba ta mutu ba, ya tara su a ɗaki guda cikin rami don lokacin sanyi.

Ɗan Jamus: Ban raina shi ba Hajiya, a ƙasar da nake ma ya fi ni gata.

Zainab Ɗaliba: Malam Habu, tambaya ɗaya. A intanet na ga an ce akwai mol a Afirka, mai launin zinariya. In sa shi a matsayin ɗan'uwan Talpa?

Malam Habu: Kul. Kama da wane ba ta wane. Iyalinsa Chrysochloridae, odarsa Afrosoricida, nau'i 21, duk a kudu da Sahara, mafi yawa a kudancin nahiyar. Da shi da mol ɗin Turai sana'ar haƙa ce ta sa suka yi kama. Ta jini kuwa ya fi kusa da giwa da rema da dabgi da ayu. Yana cikin waɗanda aka cire daga Insectivora ɗin da ke littafinki. A Ostireliya ma akwai wani mai irin wannan siffar, shi kuma dangin masu goyo a jaka ne.

Kuma a nan ne za ki ga haɗari na sosai. Akwai guda, Cryptochloris wintoni, CR ne, an yi sama da shekara 80 ba a gan shi ba. A 2023 aka sanar da sake gano shi a tudun rairayin Port Nolloth na Afirka ta Kudu. Kare mai sansano aka yi amfani da shi, sannan aka ɗebi rairayi aka tace ƙwayoyin gadon da dabbar ta bari a ciki. Yana ninƙaya ne cikin rairayi, ramin na rufewa a bayansa.

Sarkin Gardama: To ga tawa tambayar, kuma da gaske nake. Bishiya tana tsaye, za a iya ƙirga ta ko daga jirgin sama. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa wa ya ƙirga shi har aka ce LC? Ko dai ƙiyasi ne?

Baba Mai Gandu: Yau ka yi tambaya. Ba wanda ya bi rami-rami. Ana duba faɗin inda ake samunsa, da tulin ƙasar da yake bari, da abin da masu tarko ke kamawa, da ko akwai wata babbar barazana da aka sani. In an ga ya cika ƙasashe da yawa kuma ba alamar raguwa mai tsanani, sai a ce LC. Ga mol ɗin Turai hujjar na da ƙarfi, don ko'ina ka taka za ka ga aikinsa. Ga waɗanda ba su da wannan gatan akwai rukunin DD, babu isasshen bayani. Zainab, ki rubuta shekarar da aka yi kowane awo kusa da harafin, tana nan a shafin kowane nau'i. Awon da ya wuce shekara 10 su kansu IUCN suna ɗaukarsa ya tsufa.

Sarkin Gardama: Jaɓarmu fa? Tunda an ce 'yar gidansu ce.

Malam Habu: Babbar da ke shiga gidaje, Crocidura olivieri, LC ce, ta bazu a yawancin Afirka. Amma jinsin Crocidura ya kai nau'i 200 ko kusa, babu jinsin masu shayarwa da ya kai shi yawa. Akwai ɗaya, Crocidura longipes, da ba a san ta ko'ina ba sai a fadamun Najeriya, kuma DD ce.

Sarkin Gardama: Wato ta Hakkari an hau dutse an nemo ta, tamu ta fadama ba wanda ya leƙa.

Malam Habu: Tarko da takalmin roba da kuɗin mota take buƙata. In kana da ɗalibin digiri na biyu da ke neman abin bincike, turo min shi.